Kawu Lasifika Ya Rasa Murya

Kullum da hantsi Kawu Lasifika yakan goge kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya rataye a bayan ƙofa, ya zauna da waya a hannu. Wata bakwai ke nan ba wanda ya kira shi sai 'yarsa. Matarsa ta daina hana shi gugar, don ta lura ranar da bai yi ba ko abinci ba ya ci.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gabatar da taruka, yana ba mutane dariya tsakanin jawabi da jawabi. Bai taɓa jawo gurgu ko mai in'ina cikin barkwancinsa ba. Kansa yake yi wa tsiya: manyan kunnuwansa, da tsohon babur ɗinsa da ba ya tashi sai an tura.

Wata malamar makaranta har yau tana ba da labarin ranar yaye ɗalibai da hayaƙi ya turnuƙe bayan dandamali. Iyaye suka yi kan ƙofa ɗaya, ana neman tattake yara. Kawu bai saki makirufo ba.

"Jama'a, a yi a hankali, matata ce ta biyo ni da girki," in ji shi. "Layin baya ku fara fita, ku bar min rabona."

Aka yi dariya, ƙafafu suka lafa, aka fita layi-layi. Shi ne na ƙarshe, yana tari.

Bara aka yi masa aiki a maƙogwaro, likita ya ce muryar ba za ta dawo ba. Yanzu a takarda yake magana. Samari na maimaita barkwancinsa a bidiyon waya, dubban mutane na kallo, ba mai ambatonsa. Wani da ya koya wa tsayuwa gaban jama'a ya aiko cewa yana nan tafe. Wata huɗu ke nan, bai zo ba. Da telan da ke maƙwabtaka da su ya shigo gaishe shi, Kawu ya rubuta masa: "Yanzu kam uwargida ta ci gardama." Matar ta yi dariya, sannan ta shige kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Kawu, kai ne ka riƙe mana taro ranar farin cikinmu, muka watse ba mu tambayi yadda ka koma gida ba. Mun gode, ko da godiyar ta makara, kuma mun san ba za ta mayar maka da komai ba.

Masu tasowa, ku koyi ba da dariya ba tare da kun kunyata kowa ba. Sauranmu kuma mu je mu ƙwanƙwasa masa ƙofa yanzu, kafin ranar da za mu cika gidan muna yabonsa, shi ba ya ciki.