Injin Gem ɗin Baba da Hannunsa Mai Lafiya

A lokacin da abin nan ya faru na gama sakandare, na koyi gyaran waya, har na samu ɗan tebur a kasuwar Makarfi. Ni mutum ce mai gajen haƙuri, ba na ɓoyewa. In kana magana a hankali sai in ƙarasa maka ita in wuce. Sunan kakata mahaifiyar Baba na ci, shi ya sa Baba yake kirana Uwata, kuma ko na yi rashin kunya sai ya ce ai uwa ba ta laifi.

A zaurenmu akwai wani tsohon injin gem, akwatin katako mai tsayin mutum, da gilashi irin na tsohuwar talabijin da ɗan sanda na juyawa. Da shi Baba ya ciyar da mu shekaru, kafin kowa ya koma buga gem a waya. Shi yake gyara abinsa. Ranar kasuwa har daga Gubuchi ake zuwa layi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta fama da ita. Kullum a zaure yake wuni, yana kallon injin da ya daina kamawa. Inna ta ce a sayar wa 'yan gwangwan, sai ya juya fuska bango. Nan na ƙudurta sai na tayar da shi, ko Baba zai sake jin kiɗan nan nasa.

Wata safiya na ja wayar janareto na jona. Injin ya yi ƙugi, ya mutu. Na san matsalar daga fawa take, ɓangaren da ke raba wa injin wuta. Na zare soket, na buɗe bayansa. Sai Baba ya fara buga sandarsa a ƙasa, yana kiran Uwata, yana son faɗin wani abu. Ban ko waiga ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai na zare wuta, kuma wannan tsohon akwati bai kai waya wuya ba. Ban san akwai kwandensa a ciki, wasu 'yan gwangwanaye da ke riƙe wuta ko an zare soket. Na zura hannu. Wuta ta fizge ni ta maka ni da bango.

Da na dawo hayyacina, Baba na gani a ƙasa. Mutumin da sai an ɗaga shi, ya wurgo kansa daga kujera don ya janye ni, ya faɗa kan hannunsa na hagu, guda ɗayan da ya rage masa. Ya karye a wuyan hannu. Ni ko ƙwarzane ban yi ba sai ɗan ƙuna a yatsa, amma yatsan nan yake ta nema da ido. Inna ta shigo tana salati, ta ce kunnena na ado ne, gara na tukunya.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure hannun. Daga ranar ni nake ba shi abinci a baki. Wanda ke ba mara lafiya koko ba ya sauri, dole ka jira ya haɗiye. A nan na koyi jiran maganarsa ma. Na nemi gafara, ya daɗe yana haɗa kalmomi, na ciji leɓe ban ƙarasa masa ba. Ashe cewa zai yi shi ma wutar injin ta taɓa jefa shi cikin kwata a gaban kwastomomi. Muka yi dariya har ya ƙware.

A hankali ya koya mini. A zare soket, a je a yi wani abu a dawo. A sauke ragowar wutar da sukundireba mai hannun roba. Hannu ɗaya a ciki, ɗaya a baya. Na gano kwandensa biyu sun kumbura, na samo irinsu a Zariya, na liƙa da dalma, na canja fis. Ranar da gilashin ya haska, kiɗan ya tashi, Inna ta leƙo da ludayi a hannu. Na ɗauki mataccen hannunsa na ɗora a kan sandan, na rufe da nawa, muka buga tare. An cinye mu nan take. Ya ce laifin Uwata ne.

Hannun hagun ya warke, amma har yau ba ya iya riƙe kofi sosai, kuma duk sanda ya zubar da shayi na san dalili. Masu taɓa tsofaffin kayan wuta, zare soket ba ya nufin wuta ta tafi. Ku kuma da kuke da mara lafiya mai nauyin baki a gida, don Allah ku tsaya ya ƙarasa. Ni da na tsaya, da Baba yana shan shayinsa da kansa.