Neman Taken Babana Daga Roni Zuwa Kanya Babba

Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya daga Kazaure, ni da abokin aikina, a 'yar motarsa da sai an lallaɓa ta take tashi. Ga waɗanda ba su san ni ba, ɗan sutudiyo gare ni a cikin gari, ina haɗa kiɗan biki da fiyano da kwamfuta. Amma wannan tafiyar ba ta aiki ba ce, Inna ce ta aike ni.

Kwanakin baya matar maƙwabcinmu ta shigo duba jikin Inna, wayarta na kiɗa. Wani bidiyo ne da ke yawo, wani tsoho yana buga gangar noma, an ɗora masa fiyano, samari na ta rawa da shi. Inna ba ta gani sosai yanzu, amma tana ji ta tashi zaune. Ta ce ta san hannun nan, shi ne makaɗin da ke yi wa marigayi babana take a wajen gayya. A da kowane gwarzon manomi yana da takensa, kiɗan da in an buga ya san da shi ake. Ta ce tana so ta ƙara jin na mijinta ko sau ɗaya, tun kunnen bai bi idon ba. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ta rera min da baki, na yi kwana biyu ina haɗawa a kwamfuta. Da ta saurara sai ta ce, "Wannan ai na rakiyar amarya ne." Sai na ce to zan nemo mai gangar da kansa.

Mai tura waƙoƙi a waya na unguwarmu ya ce daga Roni bidiyon ya zo masa, don haka can muka fara nufa. Damina ta yi kyau, gero ya kai ƙirji, duwatsun gefen hanya duk sun yi tsanwa. Muka tsaya karyawa da koko da ƙosai. Ƙosan bana, jama'a, sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an sa masa wani abu.

Mai turin Roni mutum ne mai surutu, ga sola a kan rufin shagonsa, ga wayoyi jere ana caji. Ya ce a da mutane ke biyansa ya tura musu waƙa, yanzu kuwa sababbin mawaƙa ne ke biyansa ya cusa tasu a wayar kowa. Ya nuna min hoton wani mawaƙi da masoyansa ke yi wa karo-karo ta taransifa duk sanda zai shiga sutudiyo. Da na tambayi sunan tsohon mai ganga, sai ya hau sosa ƙeya. Abin ya tsaya min a rai: gari duk ya san kiɗan, ba wanda ya san mai shi. Ya dai tuna wani ɗan acaɓa daga Gwiwa ne ya tura masa.

Hanyar da muka bi zuwa Gwiwa ta sha ruwa, sau biyu ina fita turi, wandona ya koma kalar taɓo. A tasha muka samu ɗan acaɓar, magidanci ne mai fara'a. Ya ce shi ya ɗauka a wata gayya bara, amma tsohon ya koma wajen 'yarsa a Kanya Babba. Wato mun yi yamma, mutumin yana gabas! Muka sha fura wajen wata Bafulatana da ta ce in babu canji a yi mata taransifa, muka juya. Da muka ratsa Kazaure sai da na sunkuyar da kai, kada wani ya gan ni ya kai wa Inna labari na dawo hannu rabbana. A Achilafiya muka yi azahar, muka ci ɗanwake mai yaji.

La'asar ta kawo jiki muka samu Baba makaɗi a ƙofar gida yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunan babana. Ya yi masa addu'a mai tsawo. Na nuna masa bidiyon, ashe bai ma san da shi ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce taken wani ne da ya rasu tuntuni, ga shi yara na karkaɗa kafaɗa da shi.

Na shiga zaure na kafa makirfo, na sa aka kori kaji, na roƙi mutanen gida a yi tsit. Baba ya sauko da gangar daga bango, ya dube ni, ya dubi makirfon.

"Wa zan yi wa? Wannan ƙarfen?"

"Ɗauka za mu yi, Baba, na kai wa Inna."

"A'a. Babanka a duƙe yake jin takensa. In kana so, ga gonar surukina nan a bayan gari, gyaɗa na neman noma."

Na ɗauka wasa yake, sai ga fartanya an miƙo min. Rabona da ita ya fi shekara ashirin. Makirfon ya zauna a zaure, abokina ya biyo mu yana ɗauka da waya, yana ƙunshe dariya. Baba ya gasa fatar gangar a wuta har ta ɗame, ya rataya, ya ce bismilla. Na duƙa. Mutane suka taru a bakin gona, wani dattijo na cewa a kula kada ɗan birni ya sare ƙafarsa. Can sai kiɗan ya juya zuwa taken babana. Ina ƙarami aka daina buga shi, amma na gane shi nan take. Na ci gaba da sara, hawaye da gumi suna zuba tare, ban damu da wanda ya gani ba. Kunya ɗaya da rabi na iya nomewa, tafin hannuna ya yi kanta.

Baba ya ce a da ladan makaɗi dami ne da kaka. Muka yi da 'yarsa cewa duk inda na saka kiɗan zan rubuta sunansa da lambar asusunta. A hanyar dawowa abokina ya saurari abin da ya ɗauka, ya ce gobe sai mu cire iska da nishina, mu ƙara masa sauri, don ya yi sanyi da yawa. Na ce to.

Bayan magariba muka iso, Inna ta ce ba za ta jira gobe ba. Na ɗora mata wayar a kunne. Ta runtse ido, yatsanta na buga tabarma, har ya ƙare.

"Wa ke riƙe da fartanyar?"

"Ni ne, Inna."

"Na sani. Ji yadda gangar ke jiranka. Babanka kuwa gangar ce ke bin sa a guje."

Ta yi dariya, ta goge ido da gefen mayafi. Shekaru na yi ina sa mawaƙa su bi bugun na'ura, sai a gonar nan na ga ganga tana bin mutum, ko da rago ne irina. Na gaya mata gobe za mu gyara shi a sutudiyo, mu share nishin. Ta damƙe wayar.

"Kada ka taɓa. Haka shi ma yake nishi. Sake kunna min."