Inda Ruwan Kwatar Gidanmu Yake Zuwa

Mun tashi da asuba, muna idar da salla, ni da abokin tafiyata, kowa da kekensa, tabarma a ɗaure a baya, gorar ruwa a rataye a gaba. Fagge ba ta gama farkawa ba, sai masu koko da ƙosai da suka fara hura wuta a bakin hanya. Amma kafin in taka feda, ku 'yan ajina, bari in gaya muku abin da ya fitar da malaminku na labarin ƙasa daga gida a tsakiyar bazara, lokacin da duk mai hankali yake neman inuwa.

Ina da kaka, mahaifiyar babana, Babarbariya ce daga wani ƙauye gabas da Gashuwa, a bakin kogin da suke kira Komadugu. Tun tana amarya aka kawo ta Kano, ba ta taɓa komawa ba. Tun da na yi wayo na san ta da wata al'ada: duk shekara in aka yi ruwan farko mai ƙarfi, sai ta dogara sandarta ta fito ƙofar gida, ta tsaya a bakin kwata, ta yi wa ruwan da ke gudu magana da Barbarci. Gaisuwa take ba shi ya kai wa mutanenta, domin ta ce ruwan Kano gabas yake yi, ta ƙofar gidansu yake wucewa. Da aka taɓa kai tsegumin ga limamin unguwa, cewa ya yi a ƙyale ta, ba bauta take yi ba, kewa ce.

Bara ne abin ya ɓaci. Maƙwabciyarmu kuma aminiyarta, wata Bayarabiya 'yar Ilori mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari, wadda duk unguwa ke kira Iya, ta gan ta tana cikin gaisuwar, sai ta yi dariya ta ce, “Inna, kifayen Ikko kike ta gaisarwa fa. Duk ruwan duniya teku yake zuwa.” Wasa ta yi, amma wasan ya shiga. Kaka ta kira ni ta tambaye ni. Na ɗauko taswira na shimfiɗa mata, na nuna mata shuɗin layin da ya tashi daga Kano ya nufi Tafkin Cadi. Ta shafa takardar da yatsa, ta ce, “Maigidana, da idonka ka gani, ko Bature ne ya gaya maka?” Ban iya yi mata ƙarya ba. Daga ranar ta ce ta daina aike, ta daina shiga gidan Iya, abinci ma sai an yi da gaske. Da bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa, sai na ji tsoro ya kama ni. Na san in ruwan farko ya same ta a ɗaki ba ta fito ba, to ta sallama wa gida ke nan, kuma tsohuwa in ta sallama wa abu irin wannan ba ta daɗewa.

Shi ya sa da aka ba da hutu na ce zan bi ruwan da ƙafata. Iya kuwa, da abin ya dame ta fiye da yadda take nunawa, ta haɗa ni da ɗanta, malamin lissafi a makarantarmu, ta ce ya je shaida, kada jika ya yi wa kakarsa alfarma. Shi ne abokin tafiyata.

Daga ƙofar gidanmu muka fara. Kwatarmu ta haɗu da ta maƙwabta, ta gangara ta wajen Rijiyar Lemo, ta faɗa wani babban lambatu, shi kuma ya zuba a rafin Jakara inda ya fito daga cikin birni. Ku lura da wannan: ban taka feda ba tun daga gida har bakin rafin, keken da kansa ya kai ni. Inda keke ya gangara ba turi, nan ruwa zai bi. Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ban taɓa kula cewa gidanmu a kan ɗan tudu yake ba.

Jakara a bazara ba abin kai baƙo ya gani ba ne. Ruwa baƙi, siriri, ga wari. Abokina ya toshe hanci ya ce in dai wannan ne ɗan aiken Kaka, to mutanen Barno masu haƙuri ne. Amma da muka zaga bayan Sabon Gari sai ga lambuna kore shar, latas da albasa da alayyafo, masu lambu suna ɗibar ruwan nan da jigo suna ba shuka. Wani ya miƙo mana karas bai karɓi ko anini ba. Na duba inda inuwata ta faɗi, na tabbata rafin arewa maso gabas ya dosa, na nuna wa shaida. Ya ce a bari tukuna, hanya tana iya lanƙwasa.

Da rana ta take, ƙasa ta fara sauyawa a ƙarƙashin tayoyinmu. A Kano jar ƙasa ce da marmara, ƙarƙashinsu kuma dutse ne mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa, shi ya sa kududdufanmu suke riƙe ruwa har rani. Can gaba kuwa sai yashi, fari, mai laushi, wanda ke kama taya ya sa mutum ya sauko ya tura. Ruwan rafin ya yi ta ƙanƙancewa, ya zama kamar wanda aka zubar daga buta, ya zama danshi. Daga nan sai babu. Muka tsaya a tsakiyar rafi busasshe, ba komai gabanmu sai yashi da sawun shanu.

Taswira ba ta nuna wannan ba. Abokina, wanda tun safe yake tsokanata, ya dube ni ya ce, “To, ba Ikko, ba Barno. Me za mu gaya musu?” Na ce ban sani ba tukuna, amma ba zan koma da wannan ba.

Muka karkata zuwa tashar Jogana, muka kwana a rumfar wani mai shayi, kashegari muka ɗora kekunan a jirgin ƙasa mai zuwa Nguru. Jirgin nan ba ya gaggawa da kowa. Duk tasha sai ya tsaya ya huta, mata su kewaye tagogi da fura da dafaffen ƙwai da ɗanwake. A Ringim muka sha furar da har yanzu nake tunawa, ta kobo ta ishi ƙato. Ni dai idona yana taga. Tun da muka bar Jogana ban sake ganin dutse ba, ko na jifa. Ƙasa ta kwanta shimfiɗe, itatuwa suka fara tazara, kuka da ɗorawa suka ba wa ƙaya da goriba wuri. Bayan Malam Madori sai ga dogayen tuddan yashi a jere, tsakaninsu fadamu, wasu da ɗan ruwa da tsuntsaye fal. Wani fasinja ɗan Haɗeja ya ce da damina duk fadamun nan cika suke yi har a shiga kwalekwale. Na tambaye shi daga ina ruwan yake zuwa, ya nuna bayanmu da leɓe. Na taɓa abokina, ya ce leɓe ba hujja ba ne.

A Nguru layin dogo ya ƙare. Gari ne na buhunan gyaɗa da fatu da raƙuma, zafinsa kuma ya sa na nemi gafarar Kano a kan duk ƙorafin da na taɓa yi. Muka sami babbar mota mai zuwa Gashuwa, muka hau saman kaya. Sau da yawa ta kafe a yashi, a sauko a tura, a hau, ta sake kafewa, har abokina ya ce ya kamata direba ya biya mu. A Gashuwa muka ci bandar kifi da tuwon gero, wani mai shago da ya ji daga inda muka fito da abin da ya kawo mu ya ba mu zaurensa, ya ƙi karɓar komai. Allah Ya saka masa da alheri.

Da sassafe muka bi gaɓar Komadugu gabas a kan keke. Nan ma zuciyata ta sake karyewa, domin babban kogin da Kaka ta cika mana kunne da shi tun muna yara, fili ne na yashi, sai ɗan tafki nan da can. Da tambaya muka kai ƙauyensu. Kwatance ɗaya Kaka ta ba ni, wata tsamiya mai rassa biyu a mashayar da take ɗibar ruwa tana budurwa. Tana nan. Na jingine kekena a jikinta.

A gindinta, cikin yashin kogi, mata ne a durƙushe da ƙore. Na ɗauka wanki suke da ruwan da suka kawo daga gida, da na matsa sai na ga tono suke yi. Mace za ta yaye yashi da ƙwarya, zurfin kamu ɗaya ko ya ɗan fi, ta zauna ta jira. Sai ka ga gindin ramin ya yi duhu, ruwa ya tsattsafo, garau, mai sanyi. Ta kwashe, wani ya sake tarowa. Na durƙusa na tona nawa da hannu, ruwa ya zo. Ashe kogin bai mutu ba, ƙasa ya shige yana tafiyarsa a hankali inda rana ba ta kai masa. Nan na tuna wurin da Jakara ya ɓace mana. Da mun san mu tona a can, da mun huta da baƙin cikin hanya.

Wani dattijo mai saƙar taru a inuwar tsamiyar ya tambaye mu labari da Hausarsa ta Barebari. Na ce masa yaushe kogin yake kawowa? Ya ce ba ruwan samansu ne yake cika shi ba. Sai damina ta yi nisa, wata rana yara su sheƙo da gudu suna ihu, a fito a ga ruwa yana tahowa daga yamma a kan busasshen yashi, yana turo kumfa da kara. Ya ce, “Ruwan Kano muke ce masa. In ya iso, kowa sai ya zo ya wanke fuska.” Na ambaci sunan Kaka da na mahaifinta. Ya daɗe yana tunani, ya ce ya san gidan, sa'o'inta duk sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokin ƙanwarta suna nan, ga ma ɗaya can da ƙwarya a hannu. Na juya ga shaida. Ya cire hula ya goge fuska, ya ce, “Na gani.” Shi da kansa ya wanke wata kwalba da muka zo da ita, ya ba matar nan ta cika mana daga raminta, ni kuma na tsinko 'ya'yan tsamiya na zuba a aljihu.

Komowa ba ta da labari sai gajiya. Mun sauka a tashar Kano da la'asar, muka turo kekuna ta Sabon Gari, gabas ta yi baƙi ƙirin, 'yan kasuwa suna ta tattara kaya. Na ce wa abokina ya taka, kada ruwa ya riga mu.

Na sami Kaka a kwance. Na durƙusa na gaya mata komai, har inda ruwan ya ɓace, ban rage ba. Iya tana bakin ƙofa, ta kasa shigowa, ɗanta ya ce mata, “Iya, Inna ce da gaskiya. Naki ruwan sai an wuce tudun da ke tsakaninmu da Zariya, daga can ne yake gangarawa kogin Kwara ya tafi teku.” Kaka ta yunƙura ta tashi zaune. Na ba ta tsamiyar, ta sansana. Na zuba mata ruwan a moɗa, ta kurɓa, ta riƙe shi a baki kafin ta haɗiye. Sai ta ce, “Ashe suna samu.”

Ku 'yan ajina, abin da na koyo ke nan, kuma shi za mu fara da shi in an koma: ruwa gangare yake bi, dutse yana riƙe shi a sama, yashi yana ɓoye shi a ƙasa, tudu ɗaya kuma yana iya raba ruwan gari biyu, wani ya yi teku, wani ya yi Cadi. Duk na san wannan a takarda, yanzu na san shi a gwiwoyina. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode wa mai karas da mai zaure da dattijo mai taru, na kuma gode wa Iya, domin ba don tsokanarta ba da har na tsufa ina koya muku kogin da ban taɓa gani ba.

Kafin magariba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muna zaure sai muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda. Kaka ce, kwalba a hannu. Iya ta ruga ta ɗauko lema ta riƙe mata, ita tana jiƙewa. Kaka ta tsaya a bakin kwata ta yi ta magana da Barbarci, ta daɗe fiye da kowace shekara. Iya ta ce, “Inna, ki ce 'yar Ilori ma tana gaishe su.” Kaka ta harare ta, sannan ta ƙara wasu kalmomi. Da ta gama sai ta buɗe kwalbar, ta tsiyaye sauran ruwan a cikin kwata, ta ce da Hausa yadda duk za mu ji, “Kai ka san hanya. Ka yi musu jagora.”