Nababa Mai Kular Jini

An haifi Nababa a wani ƙauye da ke kallon dam ɗin Watari. Gidansu manoma ne kaka da kakanni, amma shi gona ba ta riƙe shi ba. Yana da shekara ashirin da ’yan kai ya sayi tsohon babur da wata shuɗiyar kula, ya shiga sarin kifi. Da sassafe zai tare masunta a bakin ruwa, ya jera tarwaɗa da karfasa, ya zuba ƙanƙara, ya nufi Kano. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana wannan, kuma masu saye sun shaide shi da abu guda: kifinsa bai taɓa isowa da wari ba.

Cikin masu sayen kifinsa akwai Malama Kaltumi, shugabar ɗakin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti da ke yankin Bagwai. Asalin iyayenta Barno ne, amma a Fagge aka haife ta. Mace ce mai yawan tambaya. Wata ranar Laraba ta leƙa kularsa, ta ga kwali a shimfiɗe tsakanin ƙanƙara da kifin.

“Malam Nababa, wannan kwalin fa na mene ne?”

“Malama, ai in ƙanƙara ta taɓa kifi kai tsaye sai ta ƙona masa fata. Sanyi nake so ya ji, ba daskarewa ba.”

Kaltumi ta ajiye jakarta ta yi ta dariya, har ya tsargu. Ta ce wata uku ke nan tana neman mutumin da ya san wannan. Asibitinsu ba shi da injin da ke rarraba jini, sai an karɓo daga babban asibiti a birni, motar asibitin kuwa guda ce, kullum tana kan hanya da marasa lafiya. Suna bukatar mai babur da ya san kan sanyi.

Kwana uku ta yi tana koyar da shi. Ta ɗora leda uku a kan tebur, ta ce duk daga jikin mutum ɗaya suka fito. Ta farko ja ce wur, ita ake ƙara wa wanda jininsa ya yi ƙasa. Tana son sanyin firji, tsakanin digiri biyu zuwa shida, tana kuma iya yin mako biyar a ajiye, amma in ta daskare ta lalace. Ta biyu launin ɗorawa ce, ruwan jini ke nan, shi kuma a daskare ake ajiye shi kamar dutse, sai za a yi amfani da shi a narkar. Ta uku ’yar ƙarama ce, ƙwayoyin da ke toshe kafar da jini yake zuba.

“Wannan ko kusa da ƙanƙara kada ka kai ta,” in ji Kaltumi. “Kwananta biyar kacal a duniya, kuma so take a riƙa jijjiga ta a hankali.”

Nababa ya dubi ’yar ledar ya ce, “Jijjiga kam, Malama, ki bar wa hanyar garinmu. Kyauta za ta yi mana.”

Aka ba shi sabuwar kula fara, mai ma’aunin sanyi a murfinta, da sharaɗin ko ƙayar kifi kada ta shiga. A gida matarsa Sadiƙa ta ce ta ji ta yarda da aikin, amma kular ba za ta kwana mata a ɗaki ba. Ya ce ai wayam take dawowa. Ta ce duk da haka. A zaure kular ta samu wurin zama.

Abin da har yau ake ba da labarinsa a asibitin ya faru ne da damina, a shekararsa ta biyu. Da hantsi aka kawo wata mata mai suna Aina’u daga wajen Tofa, ta haifi tagwaye, jini ya ƙi tsayawa. An ƙara mata jan da ke firji leda biyu, amma likita ya ce jininta ya daina kamewa, sai an samo ruwan jini. Nababa ya hau babur. A hanyar dawowa hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Ya tuɓe rigar ruwansa ya naɗe kular da ita, shi kuwa ya iso bayan azahar sharkaf, haƙoransa na kaɗawa. Kaltumi ko kallonsa ba ta yi ba sai da ta buɗe kular ta taɓa ledojin, ta ji su da tauri kamar yadda aka ɗauko. Sannan ta ce, “Sannu, Malam Nababa,” ta ruga narkarwa.

Ana fitowa da ledar farko sai mahaifin mai jegon, Alhaji Abdussalam, dattijo mai noma da kiwon shanu, ya miƙe ya sha gaban nas ɗin da ke ɗauke da ita. Ya ce jini aka ce za a kawo, shi kuwa shekararsa saba’in bai taɓa ganin jini mai kalar kunun tsamiya ba. Nas ta fara bayani da Turanci a gauraye, Alhaji ya ƙara tsayuwa daidai ƙofar.

Nababa ya matso ya rusuna, ruwa na ɗiga daga hularsa.

“Baba, in an tatso nono an kaɗa, me ake samu?”

“Man shanu mana, da tsala.”

“Kalarsu ɗaya?”

“Ina fa.”

“To haka jini yake in an kaɗa shi a inji. Jan an riga an ba ta. Wannan shi ne ɓangaren da ke sa jini ya kame. Ni na ɗauko shi da hannuna, Baba, tun daga birni.”

Dattijon ya dubi ledar, ya dubi jiƙaƙƙen mutumin da ke gabansa, ya ja gefe. “Ku shiga da shi. Amma da haka kuka ce tun farko ai da ban tsaya ba.”

Kafin magariba jinin ya tsaya. Bayan kwana biyar Aina’u ta koma gida da ’ya’yanta, ranar suna kuwa Alhaji ya aiko wa Nababa da man shanu cike da ƙwarya. Tun daga nan duk sanda dangin mara lafiya suka yi turus da ganin rawayar leda, sai nas ta ce a nemo mai bayanin nono.

Yanzu shekararsa shida a aikin. Litinin da Alhamis yake zuwa birni, sauran ranaku sai in an kira. Tsakani kuma ya koma gonar da ya guda, yana noman albasa da rani.

Bara ne asirinsa ya tonu. An shirya ranar ba da jini kyauta, Nababa ya zagaya ƙauyuka ya kawo mutum goma sha huɗu. Kaltumi tana rubuta sunaye ta ɗago kai.

“Kai fa, yaushe rabonka da bayarwa?”

Ya shiga gyaran hula. Ashe tsoron allura yake ji, bai taɓa bayarwa ba ko sau ɗaya. Mutanen da ya kawo suka fashe da dariya, suka ce ba mai miƙa hannu sai ya fara. Haka ya kwanta ya juya fuska bango, yana ta salati da ƙarfi, har sai da Kaltumi ta dafa gadon ta ce masa ai tuni an gama. Ya tashi zaune, ya sha lemon da aka ba shi, ya dubi ledarsa.

“Malama, maza a sa ta a firji. Kin bar ta a kan tebur tun ɗazu.”

Bayan mako biyu ta shaida masa cewa jininsa ya shiga jikin wani magini da ya faɗo daga saman gini, kuma an sallame shi. Nababa ya ce alhamdulillahi, ya tambayi yaushe zai iya sake bayarwa. Ta ce sai bayan wata uku. Ya ce madalla, a bar shi ya huta tukuna.