Mai Fentin Kwano da Ƙanƙarar Teku

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana fentin rufin kwano, kuma fari kaɗai yake shafawa. Ka ce masa ja kake so, sai ya tattara burushinsa ya ce ka nemi wanda zai taya ka dafa 'ya'yanka a ɗaki. Bai taɓa sayen ma'aunin zafi ba. Tsani yake hawa da tsakar rana, ya ɗora tafin hannu a kan kwano, ya gaya maka ko fentin na korar rana ko ya fara shan ta. Ƙanƙara kuwa, ta firjin Umma kaɗai ya sani.

Ni ce 'yarsa ta uku, mai taurin kan da ta tafi karatun yanayi. A digirina na biyu na rubuta wata manhaja mai hasashen yadda ƙanƙarar tekun da ke can ƙarshen arewacin duniya ke narkewa. Farin abu yana mayar da hasken rana sama, ruwan teku kuwa shanye shi yake yi, don haka dole in gaya wa manhajar kashi nawa ƙanƙara ke mayarwa. Na ba ta tamanin cikin ɗari. A hotunan tauraron ɗan'adam ƙanƙara ta ja baya sosai lokacin zafi, ta cikin manhajata kuwa tana nan daram. Malamina ya ba ni mako uku: ko in gyara, ko a sallame ni.

Na dawo gida ranar Asabar da kumburarrun idanu. Baba yana wanke burushi a bakin famfo. Na zayyana masa komai, ba don ina zaton zai gane ba, don dai in samu inda zan yi kuka.

Ya ce, "Farin naki na wane wata ne?"

"Baba, fari ai fari ne."

"Kai! Ashe kuɗin makaranta ya tafi a banza. Hau tsanin nan."

Na hau ina ƙunƙuni. Ya sa na taɓa inda ya shafa jiya: sanyi ƙalau. Na taɓa fentin bara, da ɗumi. Sai ya nuna min wani lotsi inda ruwan sama ya kwanta, kwanon ya yi duhu. Na taɓa gefensa, na janye hannu ba shiri.

"Kin ji ko? Sabo daban, tsoho daban, jiƙaƙƙe daban."

Kunya ta kama ni. Ashe farin sabuwar dusar ƙanƙara na bar wa manhajata shekara guda cur. Da na koma makaranta, na raba shi uku: sabuwar dusa, tsohuwa, da kududdufan da ke taruwa a kan ƙanƙara idan ta fara narkewa, su yi duhu, su ƙara jawo zafi. Ranar Laraba layin da ke nuna yawan ƙanƙara a manhajata ya sauko ya bi layin hotunan kusa da kusa. Ihun da na yi sai da mai sharar sashenmu ta leƙo.

Ranar da na kare aikin a gaban malamai, Baba ya zauna a kujerar baya. Da aka ce na ci, wata farfesa ta tambayi inda na samo dabarar. Na nuna shi. Ta taka har wurinsa ta gaishe shi, shi kuwa yana ta ɓoye faratansa masu fenti a aljihu.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni ban san teku ba. Yarinyar ce dai ta yarda ta hau tsani."