Tsarabar da Aka Aiko wa Baba

Shekara biyu na yi ina rubutu a shafina na intanet a kan abu ɗaya tal: abincin mai ciwon suga. Mahaifina ke da ciwon, ni ke yi masa girki. Tuwon acca, miyar kuɓewa, yadda muke ɓoye masa zuma, duk na rubuta. Masu karanta ni ba su da yawa, amma sun san Baba kamar maƙwabcinsu.

Saƙonnin 'yan talla kuwa ba sa yankewa. Wani ya kira ni Alhaji, alhali ga hotona da mayafi. Wata ta ce shafina na kwalliya yana burge ta. Dariya nake yi in goge. Sai ranar da wani kamfani ya rubuto cewa sun daɗe suna bin labarin Baba, suna so su aiko masa da 'yar tsaraba. Daɗi ya kama ni. Ko tambayar mece ce ban yi ba, na kwatanta musu gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi har da launin ƙofa.

Ina wurin aiki a Tarauni aka kawo. Katon ɗin lemon kwalba ne mai zaƙi kamar zuma, an rubuta a jiki cewa na Baba ne. A gidanmu kuwa abin da aka ce na maigida ne ba mai sa hannu. Ya tura shi ƙarƙashin gado, ya ce wa Inna kada ta faɗa mini, ya san halina.

Lokacin zafi ne. In ya sha ƙishi ya ƙaru, in ƙishi ya ƙaru ya sake buɗe wata. A rana ta uku, bayan azahar, Inna ta kira ni.

"Ki taho gida. Babanki yana kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu."

Ban san yadda na tare adaidaita ba. Na tarar da shi kwance, leɓensa ya bushe, yana ja da numfashi. Na huda masa yatsa, na'urar gwajin suga ta ƙi nuna lamba, sugan ya wuce abin da take iya aunawa. Da na leƙa ƙarƙashin gado na ga kwalabe a jere babu komai a ciki, sai na gane abin da ya faru. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti, ana ɗaura masa ƙarin ruwa, wayata ta yi ƙara. Saƙon kamfanin nan ne. Suna fata Baba ya ji daɗin lemon, ko zan ɗauke shi hoto yana sha yana murmushi in sa a shafin. Da sun karanta ko layi biyu da sun san abin da ke damunsa. Na so in zage su tas, amma na kife wayar na koma kan Baba.

Sai washegari da hantsi ya buɗe ido ya gane ni. Na sunkuya in ji me zai ce. Ya riƙe mini hannu, da ƙyar muryarsa ke fita.

"Kada ki yi musu faɗa. Shekara nawa rabon da wani ya ba ni abin da nake so?"