Jirgin da Ya Tafi da Jakar Kawu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kankiya, ni da kawuna da ya taho daga Kaikai tun jiya ya kwana gidana. Abuja muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Babban ɗansa da ke sayar da shayi a can ya matsa masa lamba ya sayar da bijimai biyu a saya masa fili a bayan gari. Wai can za a miƙa layin jirgin ƙasa na cikin birni, tasha kuma daidai bakin filin. Kawu ya ce ba zai sayar da abin da ya kiwata tun yana maraƙi a kan labarin waya ba, sai ya gani da idonsa.

Kuɗin mota kam ya ci mu, ga shi sai da rana ta ɗaga kafin ta cika. Daga Tsanyawa har Bichi gero ya fid da kai, gwanin sha'awa. A Zariya muka ci shinkafa da wake da tsadar da ta sa na lashe kwanon tas don haushi. Kawu ya kurɓi nonon wata mai talla, ya kawar da kai, ya ce rabinsa daga rijiya aka tatso shi. Da magariba muka isa.

Washegari ɗan nasa ya kai mu tasha. Wuri tsaf, jirgi tsaye, kujeru kusan duk wayam. Kawu ya shiga, ya zaɓi ta kusa da taga, ya ɗora jakarsa da sandarsa don kama wuri kamar yadda kowa ke yi a tashar garinmu, sannan ya sauka zai je ya gaida direba. A lissafinsa, abin hawan da ko rabi bai yi ba yana nan har azahar. Muka biyo shi mu dawo da shi, sai ƙofofi suka rufe. Jirgi ya zame ya bar mu mu uku tsaye.

"Ina za shi ba kowa ciki?" in ji Kawu.

"Baffa, lokaci ne ya yi," in ji ɗansa.

"To wa ke biyan kuɗin mai?"

Wani dattijo da ke jiran na gaba ya yi dariya ya ba shi amsa. Ya ce kuɗin fasinja ba ya riƙe jirgi, gwamnati ke cikawa, layin ma da rance aka gina shi. Batun ƙarin layi kuwa, kowane ɗan siyasa ɓangarensa yake ja wa, kuma shi dai bai ji an ce an samo kuɗin ba. Ɗan kawu ya ce ai manya sun yi alkawari. Kawu ya tambaye shi ko lokacin kamfe ne suka yi, sai ya sunkuyar da kai.

Wani ma'aikaci ya buga waya a ajiye mana kayan, muka hau na gaba. Wallahi abin da daɗi. Ba rami, ba shingen hanya, ba mai ce maka matsa. Kawu ya manna goshi a taga yana murmushi, da muka tarar da jakar da sandar suna jiranmu a tashar ƙarshe kuwa, har hannu biyu ya ba mai gadi. Na ce a raina bijiman nan sun tafi.

Daga nan muka hau acaɓa zuwa filin. Ciyawa muka tarar har gwiwa, da 'yan turaku masu jan fenti, da awaki suna kiwo. Kawu ya zaga, ya duba gabas da yamma, ya ce jirgi ya burge shi, amma nan bai ga jirgi ba. Yaron ya juya ya nufi wurin masu acaɓa. Na tausaya masa ƙwarai, don shekara da shekaru yana tsaye kan teburin shayi, wannan ne karon farko da ya hango abin kansa.

Kwana biyu muka yi, muka juyo. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne jirgin da ke kan layi ba ya jiran kowa, wanda ke bakin 'yan siyasa kuma ba a san ranar zuwansa ba. Na raka Kawu har Kaikai. Ko ruwa bai sha ba ya wuce garke, ya dafa wata jar karsana, ya ce in kira masa yaron a waya.

"Ka ce mashi wagga tashi ce daga yau," in ji shi. "Su jira jirgin tare. In ya zo da wuri, a sayar. In ya daɗe, ta haihu."